Rumfuna Takwas na Uwani da Ƙuri'ar Bahaushen Kurmi

Ranar Asabar, 3 ga Fabrairun 2024, ana tsakiyar zaɓukan cike gurbi da waɗanda kotuna suka ce a sake, hukumar zaɓe ta INEC ta ba da sanarwar dakatar da aiki a mazaɓu uku: ɗaya a Akwa Ibom, ɗaya a Kano, ɗaya a Inugu. Ta Kano ce ta ɗauke mana hankali, domin kowa ya ji yadda 'yan daba suka afka wa rumfuna goma a ƙaramar hukumar Kunci, wadda yanzu ake kira Ghari, suka tarwatsa zaɓen ɗan majalisar jiha na Kunci da Tsanyawa. Ta Inugu kuwa, ba wanda ya tsaya bin ba'asinta a Arewa. Rumfuna takwas ne kacal a unguwar Uwani, kuma dalilin da hukumar ta bayar shi ne ba a kawo ainihin takardun rubuta sakamako ba, su kuwa masu zaɓe suka ce sai sun gan su da idonsu kafin su dangwala. Waɗannan rumfuna takwas sai da suka riƙe kujera guda ta majalisar dokokin jihar Inugu har tsakiyar Agustan 2025.

Ya kamata mu bi ba'asin, don akwai mutanenmu a wurin. Uwani ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Inugu ta Kudu, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 200,000. Tsohuwar unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa, titin Zik ya ratsa ta, kasuwar Kenyatta na gefenta, titin Agbani kuma ya miƙe daga nan har Gariki ta Awkunanaw, inda ake sauke kayan gwari da dabbobi daga Arewa. Akwai cibiyar Musulunci a Uwani ɗin, ga kuma babban masallaci da 'yan canji a titin Owerri, can Asata, cikin ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka. Mai tsire, mai albasa, mai gyaran takalma, maigadi, ɗan gwangwan, mahauci, duk a ƙarƙashin dokokin wannan majalisa suke kwana suke tashi, ko sun san sunan wakilinsu ko ba su sani ba.

Majalisar Inugu kujera 24 gare ta, wato mafi ƙarancin abin da sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya yarda da shi. Kano ce ke can ƙarshen sama, tana da kujera 40, Ribas na da 32, Anambra 30. Inugu ta Kudu an raba ta biyu, mazaɓar birni da mazaɓar karkara, Uwani kuma tana cikin ta birni, wadda INEC ke kira Inugu ta Kudu ta Ɗaya. Iyakokin mazaɓun nan tun 1996 aka shata su, zamanin Janar Sani Abacha, kuma har yau ba a yi musu garambawul na gaba ɗaya ba, duk da yadda birane suka tumbatsa.

Tarihin kujerar kafin 2023 ba mai tsawo ba ne, don galibi gida ɗaya ne ke cin ta. Yankin dama ya saba da bin jam'iyya ɗaya rututu. Kafin juyin mulkin 1966 NCNC ce ta Dakta Nnamdi Azikiwe. A 1979 NPP ce, ita ma ta Zik, wadda ta ba tsohuwar jihar Anambra gwamna Jim Nwobodo, ɗan Amechi Awkunanaw, a cikin wannan ƙaramar hukuma da muke magana a kai. Aka ƙirƙiri jihar Inugu ranar 27 ga Agustan 1991, aka ɗan yi NRC da Okwesilieze Nwodo, soja suka dawo. Daga 1999 sai PDP ta kafa sansani: Chimaroke Nnamani shekara takwas, Sullivan Chime takwas, Ifeanyi Ugwuanyi takwas. A irin wannan yanayi ranar zaɓe biki ne kawai. Ainihin kokawar ana yin ta ne a zaɓen fitar da gwani, ko ma kafin nan, a falon gwamna, inda ake duba wane gari ne ya ci a baya, wane ne zai ci yanzu. Baƙon da ba shi da gari a lissafin karɓa-karɓa ba ya ma shiga zancen, ko Bahaushe ne ko Ibo ɗan Abiya.

Sai 2023 ta zo da guguwar Peter Obi. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu ya kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'un jihar. Kwana uku kafin nan, an kashe Oyibo Chukwu, ɗan takarar sanata na jam'iyyar Leba a Inugu ta Gabas, a Amechi Awkunanaw, aka ƙone motarsa. Hukuma ta ɗage zaɓen sanatan, ƙaninsa Kelvin Chukwu ya maye gurbinsa, ya kuma kayar da tsohon gwamna Nnamani ranar 18 ga Maris. A wannan rana ce Leba ta ci kujera 14 cikin 24 na majalisar jiha, PDP ta tsira da 10. Kujerar gwamna kuwa da ƙyar PDP ta riƙe ta: Peter Mbah ƙuri'a 160,895, Chijioke Edeoga na Leba 157,552. Tazarar 3,343 ke nan, a jihar da ke da masu rajista sama da miliyan 2. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu buƙace shi.

Rinjayen na Leba bai yi ƙarko ba. Da aka buɗe majalisa a watan Yuni, ɗan PDP ne, Uche Ugwu, ya zama kakaki, kuma kafin shekara ta zagayo wasu daga cikin 'yan Lebar sun sauya sheƙa zuwa jam'iyyar gwamna. Shi kansa gwamnan a Oktoban 2025 ya tattara ya koma APC. Wanda ya san siyasar majalisun jihohinmu ba zai yi mamaki ba. Daga Sakkwato har Kalaba, ɗan majalisar jiha inda gwamna ya sa gaba nan yake sa tasa.

A mazaɓar birni ta Inugu ta Kudu, mutum biyu masu suna ɗaya ne suka kara: Sam Ngene na PDP, wanda ke kan kujerar, da Bright Ngene na Leba, lauya. Aka ce Bright ya ci. Ƙuri'unsa ba su kai 6,000 ba, na abokin karawarsa sun ɗan haura 2,000. Aka rantsar da shi, Sam ya garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, kotu ta ce a sake zaɓe a rumfuna takwas masu rajistar mutum kimanin 4,600.

Mutumin Kano ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan lissafi, domin ya sha shi a 2019, lokacin da aka ce zaɓen gwamna bai kammala ba, aka koma mazaɓar Gama. Ƙa'idar ita ce, idan an soke ƙuri'un wasu rumfuna, ko ba a yi zaɓe a cikinsu ba, sai a duba tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. In yawan masu zaɓen waɗannan rumfuna ya fi tazarar, ba za a ce wani ya ci ba sai an koma an yi. A takarda hujja ce mai kyau: kada a tauye wa kowa haƙƙi. A aikace kuwa, rumfunan da a ranar zaɓe ba wanda ya damu da su sai su koma filin daga. Duk ƙarfin jam'iyyu biyu, da kuɗinsu, da 'yan barandansu, da manyansu na Abuja, sai su taru a harabar makaranta ɗaya. Haka aka yi a makarantar sakandare ta Uwani, inda aka tara rumfunan.

Ranar 3 ga Fabrairun 2024 rigimar takardun sakamako ta hana. Takardar nan, wadda ake kira EC8A, ita ce wakilan jam'iyyu ke sa wa hannu a rumfa, ita ce kuma ake ɗauka hoto da na'urar BVAS a tura. Masu zaɓe na tsoron cewa in ba ta a wurin da safe, to tana wani ɗaki ana cike ta. Aka sake sa rana a cikin watan, ba a yi ba. Aka sa wata a watan Yuni, ita ma ta wuce. A ƙarshen Yunin nan ne wata kotun majistare ta yanke wa Bright Ngene ɗaurin shekara bakwai kan tuhumar da ta shafi kuɗin al'ummar garinsu. Jam'iyyarsa ta ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa, PDP ta ce shari'a ce ta yi aikinta, kuma ɗaurarre ba shi da hurumin tsayawa takara.

A nan maganar ta yi nauyi, kuma kowane ɓangare na da abin kamawa. Sashe na 107 na tsarin mulki ya hana wanda ke ƙarƙashin hukuncin ɗauri tsayawa takarar majalisar jiha. Masu goyon bayan Bright suka ce ai wannan ba sabon zaɓe ba ne, ƙarashen na Maris ɗin 2023 ne, lokacin da ba kotun da ta same shi da laifi, kuma INEC ba ta da ikon cire suna daga takardar ƙuri'a sai da umarnin kotu. An taɓa cin zaɓe daga gidan yari a ƙasar nan: Iyiola Omisore ya ci kujerar sanata a Osun a 2003 yana tsare, Theodore Orji ya ci gwamnan Abiya a 2007 yana tsare. Amma su biyun jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Na Uwani ya sha bamban.

Ranar 16 ga Agustan 2025 aka koma makarantar. Jama'a sun fito, jami'an tsaro sun cika wuri, manyan 'yan siyasa sun hallara, masu zanga-zanga suna cewa ba za a yi zaɓe da sunan fursuna a takarda ba. Rana ta faɗi ana cacar baki. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ayyana Bright Ngene a matsayin wanda ya ci, yana gidan yari. A wannan Asabar ɗin ce aka ƙarasa na Ghari da Tsanyawa, inda Garba Ya'u Gwarmai na APC ya yi nasara.

Ra'ayina a kan wannan dambarwa shi ne, doka ta ɗaure alƙalai da wa'adi amma ta bar ƙofar baya a buɗe. Mai ƙara yana da kwana 21 ya shigar, kotun zaɓe kwana 180 ta yanke, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma a zaɓen majalisa daga Kotun Ɗaukaka Ƙara magana ta ƙare. In an soke zaɓe, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a sake cikin kwana 90. To in ranar ta zo aka tayar da hargitsi fa? Ba wanda ake hukuntawa, ba wanda ke asarar komai sai mutanen mazaɓa. Duk wanda ya ga lissafi ba zai yi masa kyau ba, ya san abin da zai yi: ya hana a yi. Wa'adin majalisa shekara huɗu ne, ba a ƙara wa kowa ko kwana ɗaya don an ɓata masa lokaci. Mutanen Uwani sun yi kusan rabin wa'adin ba su da mai tashi ya yi magana da sunansu lokacin kasafin kuɗi.

Abin lura, a wannan rana ta 16 ga Agusta, manyan birane uku da Hausawa ke zaune a cikinsu a wannan ɓangare na Kudu, wato Inugu da Anacha da Fatakwal, duka suna cikin matsalar wakilci. A Anacha zaɓen cike gurbi ake yi a mazaɓar Anacha ta Arewa ta Ɗaya, saboda ɗan majalisarta, Justice Azuka na Leba, an sace shi a jajibirin Kirsimetin 2024, aka tsinci gawarsa a Fabrairun 2025 kusa da sabuwar gadar Neja. APGA ce ta karɓe kujerar. A Fatakwal kuwa, mai kujeru uku a majalisar Ribas, babu majalisar ma ɗungurungum, domin Shugaba Bola Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci ranar 18 ga Maris ɗin 2025, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da 'yan majalisa na wata shida, bayan rikicin da ya kai ga ƙona zauren majalisar da rushe shi a ƙarshen 2023.

To ina Bahaushe a duk wannan? Yana bakin rumfarsa ta kasuwa yana kallo. Amma ba haka abin yake ba tun asali.

Duk lokacin da aka tashi zancen zaman tare a ƙasar nan sai an ambaci Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sifawa ta lardin Sakkwato, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Falken shanu ne, ya zauna Inugu, ya shiga NCNC, ya shiga majalisar gari tun farkon shekarun 1950, kuma da aka ɗaga darajar Inugu a 1956 shi ne ya zama magajin garinta na farko, ya riƙe har 1958. Yadda ake ba da labarin a Facebook, sai ka ɗauka mutanen da can waliyyai ne, ba su san ƙabila ba. Wannan ragon bayani ne, kuma yana ɓoye darasin da ke ciki.

Inugu gari ne da kwal ya haifa. A 1909 Turawa suka gano shi a tsaunukan Udi, a 1915 aka fara haƙa, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, wadda ita ma don fitar da kwal ɗin aka gina ta. Ƙasar ta mutanen Ngwo da Nike ce, amma waɗanda suka cika garin baƙi ne. Akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa yawancinsu Ibo ne daga wajen Anacha da Owerri, inda 'yan mishan suka riga kai boko. 'Yan ƙasa, waɗanda ake kira Wawa, su ne ke shiga rami. Cikin masu haƙar nan ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamban 1949. Saboda haka siyasar garin a shekarun 1950 ja-in-ja ce tsakanin 'yan ƙasa na Udi da Nsukka da Awgu, masu ganin an mamaye musu gari, da baƙin Ibo masu rinjayen ilimi da dukiya, kuma duka ɓangarorin a cikin NCNC suke. Masanin siyasa Richard Sklar na Amurka ya bi diddigin wannan rikici a littafinsa na 1963 kan jam'iyyun Najeriya. Irinsa aka yi a Anacha tsakanin 'yan asalin gari da Ibon da suka zo ciniki suka fi su yawa. A Fatakwal ma magajin gari na farko a 1956, Richard Nzimiro, mutumin Oguta ne.

A cikin wannan tsaga Altine ya samu wuri. Ba ƙuri'ar Hausawa ce ta ɗora shi ba, don ba su da yawan da za su ɗora kowa. Abin da yake da shi shi ne katin jam'iyya da shekarun da ya yi yana mata hidima, da sanin mutane unguwa-unguwa, da kuma kasancewarsa ba na wannan dangi ba, ba na wancan ba. Ga shi kuma lokacin NCNC na ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano, tana son nuna wa duniya cewa ita jam'iyyar ƙasa ce, ba ta Ibo kaɗai ba. Wato dai mutumin ya shiga cikin siyasar garin da yake zaune ya yi ta da gaske, ya iya lissafinta, zamani kuma ya ba shi dama. Bai tsaya a bakin ƙofa yana jiran a aiko masa da kason baƙi ba.

Abin da ya rufe wannan ƙofa sananne ne. Bayan kashe-kashen 1966 a Arewa, Ibo suka kwarara gida, gwamnan soja na Gabas, Odumegwu Ojukwu, ya ce waɗanda ba 'yan yankin ba su fice don ba zai iya lamunce tsaronsu ba. Unguwannin Hausawa suka zama kufai. Inugu ta zama babban birnin Biyafara a 1967, ta faɗa hannun sojan tarayya a Oktoban shekarar. Waɗanda suka koma bayan Janairun 1970 sun koma ne a matsayin baƙi masu lallaɓawa. Daga nan kuma tsarin ƙasar kansa ya canza. Kowace sabuwar jiha da aka yanka sai ta ƙara ƙunƙuntar da ma'anar ɗan ƙasa, tsarin mulkin 1979 ya shigo da rabon muƙamai bisa asalin jiha, takardar shaidar ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin makaranta da aiki. Sashe na 106 bai ce sai ɗan asalin jiha zai tsaya takarar majalisarta ba. Abin da ya nema shi ne ɗan Najeriya, mai shekara 25 tun gyaran 2018, mai ilimin sakandare, wanda jam'iyya ta tsayar. A wannan sharaɗi na ƙarshe ake tare hanya.

Kada kuma mu yi saurin nuna yatsa. Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, kakansa ma a nan aka binne shi, wace babbar jam'iyya ce ta taɓa ɗaukar tikitin majalisar jiha na Fagge ta miƙa masa? Inda aka ɗan karya wannan al'ada Legas ce, inda Jude Idimogu, Ibo, ya wakilci Oshodi da Isolo ta Biyu a majalisar jiha daga 2015 zuwa 2023, kuma ya samu haka ne don mutanensa sun yi rajista a inda suke zaune, sun fito ranar zaɓe.

Mu kuwa tsarin da muka runguma a kurmi shi ne na Sarkin Hausawa. Kowane gari da nasa, kowace kasuwa da shugabanta: na 'yan shanu, na 'yan gwari, na 'yan tireloli. In an kama yaro, sarki ne zai je ofishin 'yan sanda. In za a tashi kasuwa, shi ne zai nemi ganin kwamishina. In zaɓe ya matso, ɗan takara zai kawo ziyara da buhunan shinkafa, a naɗa masa rawani, a ɗauki hoto, in ya ci ya ba wani muƙamin mai ba da shawara kan harkokin baƙi. Masanin nan Abner Cohen, da ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna yadda Hausawan can suka tsare cinikin shanu da goro ta hanyar rufe kansu a cikin unguwa da sarauta da ɗariƙa. Tsarin ya yi amfani, har gobe yana yi, ba na raina shi. Sai dai roƙo ne, ba iko ba. Mai ba da shawara ranar da gwamna ya ga dama zai sallame shi, sarki kuma ba ya zama a zauren da ake rubuta doka.

Ga kuma tsoro, wanda ba na wasa ba ne. Wanda ya ga abin da ya faru a Anacha a Fabrairun 2006, lokacin ramuwar gayyar rikicin Maiduguri, ko a Oyigbo ta bakin Fatakwal a 2017 da Oktoban 2020, ko ya ji kisan Ahmed Gulak a Owerri a Mayun 2021, ko ya sha zaman gidan dole na kowace Litinin da 'yan IPOB suka ƙaƙaba daga Agustan shekarar, ba za ka ga laifinsa ba in ya ce shi da layin zaɓe a kurmi sai dai daga nesa. Shi ya sa mako guda kafin kowane babban zaɓe tireloli da manyan motoci ke cika da mutanenmu zuwa gida. Wasu don katinsu na can ne, wasu don gudun abin da ka je ya zo. Mutum yana Inugu wata goma sha ɗaya a shekara, amma ɗan majalisar da yake zaɓa na Illela ne ko Gwadabawa ko Ɗambatta, wanda ba shi da ta cewa a kan rumfar da yake ci da iyalinsa daga gare ta.

Ita kuwa majalisar da ya bari a baya ba ta barci. Bayan taron gwamnonin Kudu a Asaba a Mayun 2021, majalisun Ribas da Inugu sun zartar da dokar hana kiwon sake, Gwamna Ugwuanyi ya sa wa ta Inugu hannu a Satumban shekarar. Ko mutum na goyon bayan dokar ko yana adawa da ita, ta shafi kasuwar shanu kai tsaye, kuma an yi ta ba tare da ko ɗan majalisa ɗaya da ke jin cewa ƙuri'ar mahauta da dillalai na cikin abin da ya kawo shi ba. Haka harajin kasuwa, da dokar acaɓa da Keke, da ta 'yan gwangwan, da tashin mayanka, da filin maƙabarta. Duk a jiha ake yanke su, ba a Abuja ba. A ƙarshen Fabrairun 2021 ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya san nauyin mutanen nan a cikin tukunya. A akwatin zaɓe ne ba a san nauyinsu ba.

Yanzu a dawo da lissafin da na ce a riƙe. Kujerar Uwani da ƙuri'a ƙasa da 6,000 aka ci ta. Rumfunan da suka tsayar da ita kusan shekara biyu ba su kai mutum 5,000 ba. Kujerar gwamnan jihar baki ɗaya da tazarar 3,343 aka raba gardama. A inda jama'a ba sa fitowa zaɓe, 'yan ɗaruruwan ƙuri'u masu fitowa tare kuma a kan lokaci sun isa su sa ɗan takara ya zo da kansa ya zauna a tabarma ya ji buƙata, ya kuma dawo bayan ya ci don ya san zai sake nema. Ba ina cewa gobe Bahaushe zai zama ɗan majalisa a Inugu ba ne. Wannan mafarki ne a yanzu, kuma wanda ya fara da shi zai tayar da ƙurar da ba zai iya kwantarwa ba. Ko kujerar kansila ma ba a rumfa ake samunta ba, tunda hukumar zaɓen jiha ce ke shirya na ƙananan hukumomi, kuma a Satumban 2024 jam'iyyar gwamna ce ta kwashe duka 17 na Inugu. A taron jam'iyya na gunduma ake raba ta, inda sai mai kati da ake ganin fuskarsa kullum ake sakawa a lissafi.

Akwai masu cewa ɓoyuwar ita ce kariya, wai ranar da aka ga Hausawa sun yi layi sun karkata ga jam'iyya ɗaya, ranar za a fara ƙirga su a matsayin abokan gaba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman a zaɓen shugaban ƙasa, inda ƙabila da addini ke hawa kan komai. Amma zaɓen majalisar jiha tsakanin 'yan gari biyu ake yin sa, kamar yadda Ngene ya kara da Ngene. Duk wanda ka zaɓa ɗan ƙasa ne, ba wanda zai ce ka zo ƙwace masa gari. Kuma shekara hamsin na ɓoyuwa ba su hana a tashi kasuwa ko a ƙone rumfa ba duk lokacin da abu ya ɓaci.

Dokar zaɓe ta ba kowane ɗan ƙasa damar yin rajista a inda yake zaune ko inda yake aiki, ba sai garin haihuwarsa ba, ta kuma ba mai kati damar mayar da rumfarsa daga wata jiha zuwa wata a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko ta intanet, duk lokacin da aka buɗe rajista. Kirana ga sarakunan Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal, da limamai da shugabannin kasuwanni, shi ne su fara da waɗanda suka yi shekara goma zuwa sama a wurin, masu iyali da 'ya'ya a makarantun garin, waɗanda da yawansu sun iya yaren kamar 'yan gida. A san yawansu gunduma-gunduma, a taimaka musu su mayar da katinsu, a tura matasa masu ilimi su yanki katin jam'iyyun da ke da ƙarfi a unguwa, ba jam'iyya ɗaya ba. In ɗan takara ya zo da shinkafa, a karɓa a yi godiya, sannan a miƙa masa buƙatu a rubuce, a gaban shaidu.